Azumin da Muka Yi a Cikin Jirgin Faiba

Bitrus ya sa an yanka jirginmu da zarto an kai juji, bai kira ni ba. Abin da ya yi mini ke nan, kuma ba zan shafa wa maganar mai ba. Tsohon jirgin kamun kifi ne na faiba, wanda ni da shi da marigayi Baba Isufu muka farke cikinsa muka sake ginawa da hannunmu. A bayan gidan Bitrus yake ajiye a Woodbridge, don ni a Greenbelt nake, gidan haya na bene, inda ko keke ka jingina a bango sai an manna maka takarda. Ya tashi sayar da gidansa, dillaliya ta ce jirgin yana ɓata kallon wurin, shi ke nan magana ta ƙare. Asabar ɗin da ta wuce na sha cunkoson babbar hanyar 95 da sabon batir a bayan mota, na isa na tarar da fili.

Zafin Agustan bana ma ya ƙi barina in manta, don irinsa ne sak da na shekarar da muka gyara jirgin. Zafin nan mai danshi, wanda za ka fito daga wanka ka rasa ko ka goge jikinka ko ba ka goge ba. Gyare na ta ƙara a kan itatuwa tun hantsi. Yau da rana na tsaya a bakin tagar ɗakina, iska mai ɗumi ta bugo ni, wallahi sai da na ji warin gam ɗin faiba a hancina, alhali shekara goma sha wani abu ke nan rabona da buɗe gwangwaninsa.

Ni mutumin Yauri ne, a bakin Kwara aka haife ni, karatuna bai wuce firamare ba. Bitrus ɗan Filato ne, mun haɗu a wurin aikin gini a nan ƙasar, Hausa ta haɗa mu. Shi ya laƙaba mini Sarkin Ruwa, ni kuma ina ce masa ɗan dutse. Baba Isufu kuwa dattijo ne daga Gaya ta Nijar, maƙerin jirgi tun yana saurayi. 'Yarsa mai aikin rediyo ce ta ɗauko shi ta ajiye a Germantown, yana zaune a bene yana kallon motoci kamar ɗaurarre. Da muka samu jirgin a hannun wani tsohon Bature da ya gaji da shi, Baba ne ya fi kowa murna, ko da yake bai nuna ba. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki.

"Bon, wannan ai baho ne," in ji shi, da "bon" ɗin nan nasu na mutanen Nijar. "Amma tunda yana da hanci, mu gwada."

Mun fita da shi sau da dama a ƙarshen wannan shekarar, mun kama abin da muka kama. Da sanyi ya matso, Bitrus ya ce, "Baba, na ga maƙwabta suna cire toshiyar ƙasa, ta ramin da ruwa ke fita, su ɗaga hancin jirgi, su rufe da tamfol. Mu ma mu yi hakan?"

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ɗan dutse, a garinku wane ruwa gare ku? Na randa?"

"Muna da dam, Baba."

"Dam! Jirgi in ya bushe tsagewa yake yi. A bar masa ruwansa ya sha."

Ni ma na goyi bayan Baba, don haka na tashi na gani. A Yauri jirgin da ba a aiki da shi ba a barinsa a rana wayam, ana barin ruwa a cikinsa, wani ma a nutsar da shi, katako ya kumbura ya matse kansa. Muka yi wa Bitrus dariya har ya ji kunya. Shi da kansa ya jawo tiyo ya ƙara wa jirgin ruwa. Ruwan sama ya zo ya ƙara, ganye ya zuba, dusar ƙanƙara ta hau kai, abin ya daskare ya zama dutse guda, ya narke, ya sake daskarewa. Mu kuwa hankalinmu kwance, jirgi yana shan ruwansa.

A cikin sanyin nan ne aiki ya tsaya. Ni tayil nake ɗaurawa a sababbin gidaje, sai gine-gine suka tsaya cik, ka wuce unguwa guda ka ga gidaje rabi da rabi, leda na kaɗawa a tagogi. An sallame ni, an sallami Bitrus. Matarsa Ladi nas ce, ita kaɗai ta riƙe gidansu da aikin dare. Tawa matar, Hadiza, ta koma rainon 'ya'yan mutane a falonmu. Nama ya koma sai Juma'a, shi ma cinyar kazar nan mai ruwa. Shinkafa da mai da yaji muka sani. Ban taɓa zaton zan tsallako teku in zo in riƙa leƙa tukunya ina lissafin wa zai ƙoshi ba. Shi ya sa da gari ya yi ɗumi muka tuna da jirgi. A kogin Potomac tarwaɗa ce jibge, manya, waɗanda yawancin mutanen nan ba su damu da su ba. Mu kuwa miya muke gani.

Muka kwashe ruwa, Baba ya hau, ya taka daɓen jirgin, ƙafarsa ta lotsa kamar ya taka katifa. Bitrus ya kama injin ya girgiza, sai bangon baya, inda injin ke ɗaure, ya riƙa lanƙwasa yana komawa, wani baƙin ruwa mai wari yana tsiyaya ta ramin kusoshi. Mai shagon kayan jirgi ne ya warware mana. Ya ce faiba fata ce kawai, a cikin bangon baya da daɓe da haƙarƙarin da ke ƙasa duk katako ne aka lulluɓe, in ruwa ya shiga ba ya fita, sai ya ruɓar da shi. Na fassara wa Baba. Muka fito muka nufi mota.

"Munafukin jirgi," ya ce. "Ka ce kai roba ne, ashe katako ka ɓoye a ciki."

Bitrus bai taɓa barin maganar ta kwanta ba. Har shekarun baya, in muna cikin mutane sai ya ce, "Sarakunan ruwa biyu, ɗan dutse ɗaya, ku tambaye su wa ya yi gaskiya."

Kafin mu haɗa kayan aiki azumi ya kama, a tsakiyar zafi. Gam da ƙyallen faiba na same su ne da ƙarfina, na ɗaura wa mai shagon tayil a banɗakin gidansa ya biya ni da kaya. Zuwa da komowa daga Greenbelt kullum ba zai yiwu ba, mai ya fi ƙarfina, sai Ladi ta ce ni da Baba mu tare a ɗakin ƙasa na gidansu har a gama. Bitrus ya kwashe kwalaben giyarsa daga firiji ya kai gareji ya rufa musu buhu, wai don kada Baba ya gani. Baba ya gani tun ranar farko, a kan buhun ma yake ajiye butarsa.

Ladi kan dafa mana abin sahur kafin ta tafi asibiti, Bitrus ya tashi da ido a kumbure ya ɗumama, ya dafa shayi, ya zauna yana hamma har mu gama. Muna idar da asuba sai bayan gida, don wannan ɗan sanyin na safe shi ne duk rabonmu na yini. Da farko muka sauke inji. Sannan na yanke daɓen da zarton lantarki, na bar ɗan baki a gefe-gefe. Abin da muka tarar a ƙasa ba ya faɗuwa. Soson da aka cusa don jirgi ya yi iyo ya sha ruwa ya yi nauyin gawa, haƙarƙarin kuwa da hannu muke kwasarsu kamar daddawa. Tururuwa har gari suka kafa. Bangon baya ya fi ba mu wuya, don sai an ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon daga ciki a bar fatar waje lafiya, wani wurin ya ruɓe, wani wurin ya riƙe kamar ƙashi. Baba ne da kurfi da guduma, a durƙushe, yana yi yana zagin wanda ya ƙera jirgin da Zabarmanci.

Sai gurza. Duk wanda bai gurji faiba ba bai san ƙaiƙayi ba. Na yi sussukar gero ina yaro, na san ƙaiƙayinsa, wannan ya ninka shi. Ƙurar fara ce, ƙyal-ƙyal a rana, ta shiga wuya, ta shiga hammata, ta shiga inda ba a faɗa. Dole ka sa farar rigar leda har wuya, ka rufe hanci da baki, a cikin rana, a cikin kwarin jirgi inda iska ba ta zuwa, ga azumi. Kafin azahar gumi ya taru a takalmina har yana ƙara in na taka. Harshe ya zama kamar tsumma. Nakan fito in kwanta a ƙarƙashin tirelar da jirgin ke kai, in ɗora kumatuna a kan ƙarfen, in ji ƙasa tana juyawa a hankali.

Bitrus ba ya shan ruwa a gabanmu. Sai ya ce zai duba wasiƙu, ya shiga gida, ya dawo yana goge baki. Wata rana Baba ya ce masa, "Wasiƙun nan naka da sanyi suke zuwa, har gemunka suke jiƙawa." Abin ya dame shi, washegari ya ce shi ma zai yi azumin, ai su ma suna da nasu. Ya kai la'asar. Muka waiga muka gan shi zaune a ƙasa ya rungumi tayar tirela, ido ya juye. Ladi ta fito da rigar barci ta zuba masa ruwa a ka.

"Ku biyu kun ruɓar da jirgi, yanzu kuma mijina za ku kashe mini?"

Baba ya ce, "Madam, wannan ai shi ya kawo kansa."

Da kwali muka auna bangon baya, muka yanka filawud biyu muka manne su suka zama ɗaya mai kauri, muka shafe shi da gam ta ko'ina don kada ruwa ya sake samun ƙofa. Gam ɗin nan shi ma da halinsa. Sai ka ɗiga masa wani magani kafin ya kama, a zafin nan kuwa kafin ka juya ya daskare. Na farkon da Bitrus ya dama, ya tsaya ba da labari, sai roba ta yi zafi a hannunsa ta fara hayaƙi, burushin ya tsaya a ciki ƙiƙam. Daga ranar Baba ya raba aiki. Bitrus ya dama ya rufe bakinsa, ni in shimfiɗa ƙyalle in jiƙa shi, Baba ya bi da ɗan abin murzawa yana korar iska. Idonsa ba ya ganin rubutu, amma ƙwayar iska ɗaya ba ta tsere masa a ƙarƙashin ƙyalle.

Ranar da muka kafa sabon bangon, mun shafa gam mai kauri kamar tuwo, mun danna katakon, muna cikin ɗaure shi da sanduna da kusoshi, sai gabas ta yi baƙi. Hadarin yamma na ƙasar nan ba ya sallama. Iska ta taso ta ɗauke kwalayenmu, muka ja tamfol, ba inda za a ɗaure. Haka muka tsaya mu uku a cikin jirgi, kowa ya ɗaga hannu ya riƙe gefe, ruwa na dukan tamfol kamar ana jifa da tsakuwa, yana bin hannuna yana gangarowa har cikin riga. Ina jin sanyinsa a fata, maƙogwarona a bushe, na datse leɓe don kada ɗigo ya shiga. Baba ya fara wata waƙar masu tuƙi ta garinsu, muryarsa duk ta dushe. Bitrus bai san kalma ko ɗaya ba, amma shi ya fi ɗaga murya a amshi. Ruwa bai taɓa gam ɗin ba.

Shan ruwa kuwa a kan matakalar bayan gida muke yi. Rana a nan ba ta son faɗuwa a watan Agusta, sai ka ga ta rataye a kan itatuwa ta ƙi motsi. Ladi ta tashi daga barci ta dama kunun gyaɗa, wani lokacin ta yi gwaten acca irin nasu da ganye da yawa don ya auku. Ran Asabar Hadiza takan biyo 'yar Baba su zo da ƙosai a kwali. Ba nama, ba kayan marmari sai kankana in an samu mai arha. Bitrus ne mai duba agogo, shi zai ce, "Sarkin Ruwa, saura kaɗan, kada ka mutu yanzu." In lokaci ya yi Baba ya yi kiran salla a hankali don maƙwabta, mu kurɓi ruwa. Ban sake shan ruwa mai daɗin na wannan tiyon ba. Sauro na cizo, hannu na ƙaiƙayi, yatsu sun manne da gam har ƙosai na liƙewa, amma ba wanda ke son tashi.

A goman ƙarshe muka kafa sababbin haƙarƙari, muka lulluɓe su, muka shimfiɗa daɓe. Baba ya sa aka barbaɗa yashi a fentin don kada ƙafa ta zame. Da ya bushe ya hau ya yi tsalle, tsoho da shi, ya sauko ya kama injin da muka mayar ya jijjiga da ƙarfinsa. Tirela ce ta motsa, bangon ko gezau.

"Bon," ya ce. "Yanzu ya zama jirgi."

Bayan salla da kwana kaɗan muka sa shi a ruwa da sassafe, hazo na kwance a kan kogi. Bitrus ne ya riƙe toshiyar ƙasa ya ɗaga ta sama, ya ce, "Baba, a sa ko a bar masa ya sha?" Baba ya kai masa duka da hula. Ranar mun cika bokitai da tarwaɗa. Muka yanke tsohuwar ganga muka yi banda a bayan gida, hayaƙi ya tashi har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gobara ce, ta koma da kifi a takarda. Gidana, gidan Bitrus, gidan 'yar Baba, da wasu gidajen da ba sai na faɗa ba, duk da wannan bandar muka ci tuwo har sanyi ya shiga. Da za mu ajiye jirgin a shekarar, Baba da hannunsa ya cire toshiya ya ja tamfol.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru, a nan muka binne shi, Bitrus na tsaye a bayan sahu da hularsa a hannu. Aiki ya dawo. Yanzu firijina cike yake, kifi a shago Hadiza ke saye, azumi ya koma lokacin sanyi, kafin ka ji ƙishirwa an sha ruwa. Fitarmu ta ragu, daga kowane mako ta koma sau ɗaya a wata, ta koma sai an tuna. Gwiwar Bitrus ta lalace, ni kuma bayana. Na san taya ɗaya ta tirelar ta sace, na san tamfol ya yage. Amma bana na ce sai mun fita, shi ya sa na sayi batir.

Da na zagaya bayan gidan ran Asabar, ciyawar wurin ta mutu daidai tsawon jirgin, ga ɓurɓushin faiba fari a ƙasa. Bitrus ya fito yana ɗingishi, ya tsufa, gemu duk furfura. Ladi na tsaye a ƙofar kicin, ba ta iya dubana ba.

"Sarkin Ruwa, shigo ciki mana, rana."

"Ina jirgin?"

"Umaru, gidan nan sayar da shi zan yi. Ba mai ɗauka, na tambaya, ko kyauta an ƙi. Kai kuma ba ka da wurin ajiyewa."

"Yaushe aka yanka?"

"Wancan makon. Masu kwasar shara suka zo da zartonsu, kafin azahar sun gama." Ya share gumi. "Bangon bayan nan ya ba su wuya, wallahi. Sai da suka canza bakin zarto."

"Wayarka ta lalace ne?"

Ya ce, "Na san in na kira ka za ka hana."

Na ce, "Ƙwarai zan hana. Mu yi faɗa, in zage ka, ka zage ni, in kwana biyu ina fushi, sannan in zo in riƙe maka zarton da kaina, don na fi waɗancan sanin inda zai yanku. Ko guntun bangon nan da Baba ya murza da na ɗauka na kai ɗakina. Kai ka zauna kai kaɗai ka yanke wa mutum uku hukunci, ɗaya yana kabari, ɗaya yana Greenbelt, tafiyar awa guda."

Ladi ta ce, "Baban Amina, don Allah ka shigo ka sha ruwa."

Na ce mata, "Madam, ke ba ruwanki, kunun da kika ba ni ba zan manta ba har in mutu." Na juya wurinsa. "Kai kuwa Bitrus, ka saurara da kyau. Yau in na koma zan gaya wa Hadiza, ranar da tawa ta zo kada a kira ka. Sai an wanke ni, an kai ni, an share wurin, sannan a bari ka tuƙo mota ka zo da ledar ta'aziyyarka a hannu, ka tarar da fili."